Na Je Yamai Nemo wa Baba Ado Mataki

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta Gyadi-Gyadi. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Kabiru, ya Nijar?" Na san rabinsu kilishi suke tambaya a fakaice, amma labari nake ba su. Daga baya na lura duk maimaicin da na yi sai hanyar ta ƙara tsawo, jandarmomin su ƙara yawa. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi tun kafin ni ma in soma gaskata kaina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kwamfuta a kamfanin Alhaji Mamuda, masu rarraba taliya da sabulu da man girki. Ofishinmu yana Gyadi-Gyadi, sito kuma yana Tarauni. Aikina shi ne haɗa rahoto: me ya shigo, me ya fita, ta hannun wa. Muna zaune lafiya sai Alhaji ya je ɗaurin aure Yamai, ya ga abokinsa Alhaji Isufu yana danna sunan mutum a allo, nan take duk cinikin da ke ƙarƙashin mutumin ya fito, na sauran ya ɓace. Alhaji ya dawo ko hutawa bai yi ba ya kira ni ya ce, "Irin wannan nake so. A rataya min shi a bangon ofis."

Na yi masa bayani cewa kwamfutarmu abu ɗaya ta sani game da kowane ma'aikaci, wato sunan wanda ke samansa kai tsaye. Tsarin kamar bishiya yake, reshe a kan reshe. Kafin a iya tace rahoto da suna, sai an kwantar da bishiyar an jera ta mataki-mataki, kowa a ga na nawa yake. Alhaji ya ce, "To je ka can ka koyo kwantar da ita."

Gaskiyar magana, da na ga dama da a kujerata zan koye shi. Ba rashin sani ya hana ni ba, Baba Ado ne.

Baba Ado yayan Alhaji ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, a teburinsa na kasuwar Tarauni Alhaji ya koyi ciniki. Allah ya buɗa wa ƙanen, yayan kuwa ya zama mai riƙe makullin sito. A cikin kwamfuta Baba Ado yana ƙarƙashin mai kula da shiyyar Tarauni, shi yana ƙarƙashin manajan rarraba kaya, shi kuma yana ƙarƙashin Faruk, babban ɗan Alhaji. Ba wanda ya taɓa furta wannan. Faruk ba ya ba da umarni a sito. Zuwa yake ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, da za a samu hali a fitar da kayan Darmanawa yau." Baba Ado ya yi kamar mai nazari, sannan ya ce, "A fitar." Haka aka yi shekara da shekaru, an bar kaza cikin gashinta. Yanzu ga allo za a rataya a ofishin da Baba Ado ke zuwa gaisuwa duk Juma'a, allon kuma zai nuna wa kowa cewa dattijon a mataki na biyar yake, ƙarƙashin yaron da aka yi wa huɗuba a cinyarsa. Tsorona shi ne ya gani ya ajiye makulli ya koma gida, shi kuwa ba shi da wata rayuwa ban da siton nan. Don haka na tafi Yamai da fata ɗaya, ko mutanen can suna da dabarar ɓoye yayan maigida.

Daga Kano zuwa Katsina ba abin faɗi, sai dai direbanmu da ya ɗauki burki a matsayin abin ado. A motar Jibiya na zauna kusa da wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta san kowane shinge da halin mai tsaronsa. Ta dubi jakata ta ce, "Kai ɗan nan, me ka ɗauko?"

Na ce, "Kwamfuta ce, Hajiya."

"Ta sayarwa?"

"A'a, ta aiki."

Ta girgiza kai cikin tausayi. "Ka yi wannan doguwar tafiya ba ka riƙo ko turmi ɗaya ba? Kuma a haka ka ce kai Bakano ne?"

A bakin iyaka ɓangarenmu katin rigakafi aka tambaye ni. Na nuna, jami'in ya juya shi gaba da baya yana neman laifi, bai samu ba, ya miƙo min da fuskar wanda aka cuta. Da muka tsallaka wani dogon jandarma ya sa na buɗe kwamfutar. Ya ce da Hausarsu mai daɗin nan, "Mi ke ciki?" Na ce sunayen ma'aikata ne, zan je in koyo yadda ake jera su, a san wa ke saman wa. Ya gyara tsayuwa, ya waiwaya wajen wata rumfa inda wani gajeren mutum ke barci a kujera, ya rage murya ya ce, "In ka koyo ka biyo ta nan. Wancan da kake gani ni na koya masa ɗaure takalmi, yanzu shi ke samana." Na ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ban yi zaton tun daga iyaka zan tarar da irin ciwon da na baro a gida ba.

A Maraɗi na kwana, a wani masauki da mai shi ya rantse min fankar ɗakin tana aiki. Tana aiki kuwa, sai dai ƙara take bayarwa, iska kuma sai ka nema da kanka. An ce min bas ɗin Yamai da asuba take tashi. Ni da na saba da asubar tashoshinmu, wadda kan kai har hantsi, na tsaya na yi wanka a natse, na nemi mai shayi. Ina isowa na hangi bas ɗin ta karya kwana. Na bi ta da gudu ina ɗaga jaka, babbar rigata na kama iska. Da ta tsaya na shiga ina haki, wani dattijo ya duba ni ya ce wa na kusa da shi, "Ɗan Najeriya ne." Bai ƙara komai ba, kowa kuma ya gamsu da bayanin.

Hanyar doguwa ce, ta bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na iya fasa dasashi, amma kafin mu kai Doso na cinye nawa na soma kallon na maƙwabci. A wani zango na ci dambun zogale da ya sha mai da yaji. Na so in ce namu ya fi, bakina ya ƙi ba ni haɗin kai.

A Yamai, Alhaji Isufu ya sauke ni a ɗakin baƙi na gidansa. Nan na gano cajar kwamfutata mai ƙafa uku ce, soket ɗinsu kuwa ramuka biyu ne zagayayyu. Na yi tafiyar kwana biyu da na'ura mai tsada, abin da ya tsayar da ni ɗan ƙarfen da ake sayarwa a tire. Na fita nema da rana tsaka na tarar an rurrufe shaguna, kowa ya tafi hutun rana. A Kano in ka rufe shago da azahar sai maƙwabta su zo jaje. Su kuwa sai la'asar ta kusa suke dawowa da fuska a wartsake, ba kuma na ga talauci ya fi kama su saboda haka ba. Kalmar Zabarmanci ɗaya na koya, fofo, da ita na yi gaisuwa, da ita na yi godiya, da ita na nemi afuwa lokacin da na taka ƙafar wani a masallaci.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana ƙofar kamfanin Alhaji Isufu. Kana shiga za ka ga ƙaton allo a bango da hoton kowane ma'aikaci, maigida a sama, sauran suna gangarowa layi-layi. Abin da muke ɓoyewa kamar cikin shege, su firam suka yi masa. Ina tsaye ina kallo wani tsoho mai gadi ya zo ya nuna min hotonsa a can ƙasa. Ya ce shi kawun Alhaji Isufu ne.

Na ce, "Baba, ba ka jin komai da aka sa ka a nan?"

Ya ce, "In ji mi? Hoton bai yi kyau ba ne?"

Na ce ya yi kyau. Ya ce to madalla, don sau biyu aka ɗauka.

Wadda aka haɗa ni da ita ta koya min aikin sunanta Madam Hadiza, 'yar Damagaram. Tana jin daga Kano nake ta ce, "Ashe bawana aka aiko min." Na ce a tarihin da aka karanta mana su ne bayin. Da wannan wasan na Kanawa da Damagarawa muka fara, da shi kuma muka gama. Ta zaunar da ni a kwamfutarsu, na yi ta buga kalmar sirrin da ta ba ni tana ƙin shiga. Ashe harufan madannan kwamfutarsu ba a inda namu suke ba suke. Ta bar ni na yi gumi sosai kafin ta gaya min, wai tana so ta ga ko Bakano zai iya cewa bai sani ba.

Aikin kansa ba wuya. Za ka ɗauki mutum, ka bi sarƙar iyayen gidansa har sama, ka rubuta su a jere a gefen sunansa: mataki na ɗaya wane, na biyu wane, har ka iso kansa. In ka yi wa kowa haka, bishiya ta kwanta. Daga nan duk sunan da aka danna a kowane mataki, rahoto zai tace ya bar na ƙarƙashinsa kawai. Wanda sarƙarsa gajera ce, kamar sakataren da ke ƙarƙashin maigida kai tsaye, sai ka maimaita sunansa a guraben da suka rage, don kada a tace ya ɓace. Ta ja min kunne a kan abu biyu. Kowa ubangida ɗaya gare shi, kuma mutum ba zai kasance a saman wanda ke samansa ba. In aka yi haka na'ura za ta yi ta zagaye tana neman ƙarshen sarƙa har ta gaji ta ƙi aiki.

Da na ga na iya, sai na kawo mata ainihin abin da ya kawo ni. Na ba ta labarin Baba Ado tun daga teburin kasuwa. Ta saurara ba ta yi dariya ba, abin da na gode mata a kai.

Na ce, "Madam, ba yadda za a yi ya zauna a cikin rahoton amma kada a ga matakinsa?"

Ta ce, "In ka cire shi, kayan sito sun rasa mai su."

"In na rataya shi ƙarƙashin Alhaji kai tsaye fa, a mataki na biyu?"

"Sai siton ya fita daga reshen Faruk. Ya danna sunansa ya ga yana rarraba kayan da ba su da tushe. Ka gyara wa tsoho, ka ɓata wa yaro."

"To in ba shi biyun?"

"Na gaya maka ubangida ɗaya." Ta cire tabarau ta dube ni. "Ku Kanawa kun iya kara, har kuna so ku koya wa kwamfuta. Ba ta da kunya, bawana. Ka je ka tambayi tsohon mana, kila bai damu ba."

Na ce mata a wurinmu ba a tarar dattijo a ce masa, Baba, ka san kai ne na biyar? Ta ce to Allah ya sawwaƙe mana. Raina bai yi daɗi ba ranar. Na tsallake ƙasa guda don neman dabara, an ba ni shawarar da ko a Unguwar Gano, nan Kano, zan samu kyauta, kuma ba zan bi ba.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Wannan karon ni na riga direban bas zuwa tasha. Dogon jandarman nan ba ya bakin aiki da na iso iyaka, gajeren ne a tsaye, ya duba takarduna cikin ladabi har ya yi min addu'a. Na riƙo kilishi, rabinsa ya ƙare a shingayen da ke tsakanin Jibiya da Kano, don haka masu jin haushi su san inda za su kai ƙara.

Na haɗa rahoton ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kafin a rataya allon na roƙi Alhaji ya duba shi mu biyu kawai. Ya zauna yana murmushi, ya danna Faruk, ciniki ya fito. Ya danna manajan rarraba kaya. Ya danna shiyyar Tarauni. Sai ga mataki na biyar, suna ɗaya tal a ciki. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Wa ya sa Yaya a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a nan na same shi."

Ya daɗe yana kallon allon. Ni duk tunanina a kan Baba Ado yake, ban taɓa kawowa cewa akwai wanda abin zai fi yi wa ciwo ba. Idanun Alhaji suka kaɗa. Ya ce, "Mutumin da ya sayar da kekensa ya ba ni jari. Ba zai yiwu ba. Sa shi a sama da ni."

Na ce za a iya, gurbi ɗaya zan canza, kowa ya sauka da mataki guda. Amma na gaya masa sharaɗin da na koyo. In Baba Ado yana saman Alhaji, ba zai kuma zauna a sito ƙarƙashin Faruk ba, domin zai zama yana ƙarƙashin kansa ke nan, na'ura ba za ta karɓa ba. Dole a sa wani suna a sito. Na faɗi haka ne da zaton zai janye. Sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ai ka ga na'urar ma ta fi mu hankali. Dama ina shugaban kamfani ina riƙon makulli? Yaya ya huta haka nan."

Aka yi walima, aka yanka rago. Aka ɗinka wa Baba Ado babbar riga ta shadda, aka ba shi ofis a Gyadi-Gyadi mai sanyi da kujera mai juyawa, aka liƙa takarda a ƙofa mai cewa Shugaba. Baba Ado ya miƙa makullan sito ga wani ma'aikaci da aka ɗauko daga Ƙauyen Alu, yana murmushi yana sa albarka. Kowa ya ce Alhaji ya cika ɗan halak, kuma gaskiya ne. Ni ma an yaba min, har aka ce tafiyar Yamai ta yi riba. Ni dai na san garin neman gira na rasa ido, abin da na yi tafiya don in hana shi ne ya faru, sai dai da kiɗa aka yi shi.

Bayan 'yan kwanaki na shiga gaishe shi. Na same shi zaune a gefen kujerar, bai jingina ba, ya lulluɓe kafaɗa da rawani saboda sanyin na'ura. Teburin gabansa fes, ba ko takarda. An rataya masa nasa allon, sunansa a can sama, duk kamfanin a ƙarƙashinsa. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Kabiru, an ce kai ka ɗaga ni."

Na ce, "Alhaji ne, Baba. Ni dannawa kawai na yi."

"Da a na nawa nake?"

Na soma kame-kame. Ya ce in faɗa masa, ba komai. Na ce na biyar.

Ya gyaɗa kai. "Haka na ƙirga ni ma, tun ranar da aka ba Faruk ofis. Ɗana ne. In ban bi shi ba wa zai bi shi?" Ya ɗan juya kujerar da ƙafa, ta tafi da shi fiye da yadda ya so, ya riƙe tebur ya dawo. "Wannan abin naka, yana saukar da mutum kuwa, ko hawa kaɗai ya iya?"

Na ce yana saukarwa, kafin ya ƙifta ido ma. Alhaji kawai za a gaya wa. Na ce in ya amince yanzu zan shiga in same shi.

Ya dubi ƙofar ofishin ƙanensa, inda muke jiyo dariyar Alhaji yana nuna wa wasu baƙi allo. Ya daɗe yana saurare.

"A'a, bar shi," ya ce. "Yaron nan ya daɗe bai yi abin da ya faranta masa rai haka ba. Kada ka gaya masa."

Na miƙe zan fita. Na kai bakin ƙofa ya kira ni. Ya matso da kujerar kusa da allon, ya saka tabaransa.

"Kafin ka tafi, danna min Tarauni in ga abin da ya fita yau."